Daren da na kwana ina harhaɗa MuseScore

Shekara uku ke nan ina rubuta wa 'yan kwayarmu (ƙungiyarmu ta mawaƙa) waƙoƙi da MuseScore, manhajar kyauta ta rubuta waƙa da nota, ban taɓa biyan ko sisi ba. Ran nan sai kunya ta kama ni. Tun 2002 da Werner Schweer ya fara ta mutane ke zuba mata gumi, kuma duk abin da aka rubuta yana nan a buɗe a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Na ce bari ni ma in sa hannu, ko tsintsiya ce in riƙe.

Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo. Da yaren kwamfuta na C++ aka gina ta, kafin ka taɓa komai sai ka sauke kayan aikin da ake kira Qt da CMake ka harhaɗa manhajar a kwamfutarka. Sauke-sauken nan kaɗai suka lashe datar da na saya ta wata guda. Na fara bayan tuwon dare. Fankar kwamfutar tana ta kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafi har na ɗora ta kan murfin tukunya biyu don ta sha iska. Wajen ƙarfe biyu, aikin ya haura rabi, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Batirin da mai shagon da ya sayar min ya rantse min zai yi awa huɗu, minti goma sha biyu ya yi ya mutu. Ina zaune cikin duhu, sauro na cizo, na rantse na bar harkar.

Bayan kwana biyu na je na yi ƙorafi a inda masu aikin ke hira. Wani bawan Allah da ban sani ba ya ce ai ba dole sai na harhaɗa ba. Idan wani ya turo gyara, GitHub kan haɗa kwafin gwaji da kansa, saukewa kawai za ka yi ka gwada. Na ɗauki wani gyara da ya shafi baitocin da ake rubutawa ƙarƙashin nota, na zuba masa waƙar Hausa cike da ɓ da ɗ da ƙ, na rubuta abin da na gani mataki-mataki, na haɗa da hoto. Da safe na tarar da godiya, har da roƙon in sake gwada wani. Gaskiya raina ya yi fari, ni da na ɗauka sai ƙwararru ake kulawa.

Sai dai fa kowane gwaji data yake ci, kuma ba wanda zai biya ka. Kafin a karɓi gyaran da ka rubuta da kanka ma sai ka sa hannu a yarjejeniyarsu ta CLA, wadda ke ba su izinin amfani da abin da ka rubuta. Na sa, amma har yau ban tura ko layi ɗaya ba, don wannan kwamfutar ba za ta kai ni ba. Na koma wajen mai shagon sau biyu, yaronsa kullum cewa yake oga ya fita.