Sinanci a matsayin ƙaramin fanni: harshen ya samu, adabin ɗanɗano ne

Babban fannina a jami'a tattalin arziki ne, na haɗa shi da harshe da adabin Sinanci a matsayin ƙaramin fanni. Tun da na gama ƙanne da abokai ke tambaya ko su ma su ɗauka. Ina ce musu su ɗauka, amma su sani sunan kwas ɗin ya fi cikinsa girma. A ɓangaren harshe kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ɓangaren adabi kuwa sai a hankali.

Da Pinyin aka fara, wato tsarin rubuta furucin Sinanci da haruffan boko wanda ƙasar Sin ta amince da shi a 1958. Nan Bahaushe ke da ɗan rinjaye, domin harshenmu ma yana bambanta kalmomi da karin sauti, kunnenmu ya saba. Sinancin Mandarin na da kari huɗu, da wani mara nauyi. Na farko mai tsayawa sama da na huɗu mai faɗowa ba su ba ni wahala ba. Na biyu mai hawa da na uku mai nutsewa ya taso su ne suka riƙa cakuɗe mini, har yau in na yi sauri sai na haɗa su. Nahawun kuma ya fi yadda ake tsoratar da mutane sauƙi: aikatau ba ya sauya siffa, suna ba shi da jinsi, jam'i ma ba ya ɗaure kai irin namu.

Rubutu shi ne inda ake raba yaro da babba. Kowane mako akwai shifta: malama ta faɗi kalma, kai kuma ka zana ta daga ka, layi bayan layi bisa ƙa'ida, a takarda mai gidaje huɗu-huɗu. Da farko na ɗauka azaba ce kawai. Sai da aka koya mana cewa mafi yawan haruffan gida biyu ne, ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna kusan yadda ake furtawa, sannan hadda ta fara sauƙi. In ka ga ɗigo uku a hagu, to, galibi maganar ruwa ake yi. Tsohon ƙamus na zamanin sarki Kangxi ya jera irin waɗannan tushe 214. A ganina da wannan ya kamata a buɗe kwas ɗin, amma mu sai da zangon farko ya kusa ƙarewa aka kawo shi, bayan rabin ajin sun gudu. Haruffan da aka sauƙaƙa aka koya mana, waɗanda babban yankin Sin ya fara amfani da su tun 1956. Taiwan da Hong Kong na nan kan tsoffin, kuma ba a ce mana komai a kansu ba.

Matsalar asali ita ce lokaci. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Sinanci. Ƙaramin fanni mai 'yan awoyi a mako bai kama ƙafar wannan ba. A jarrabawar HSK, wato gwajin ƙwarewa a Sinanci ga baƙi, tsarin da aka bi a lokacinmu matakai shida ne: mataki na uku na neman kalmomi 600, na huɗu 1,200, na shida 5,000. Da ƙyar na haye na huɗu, shi ma da karatun hutu da manhajar Pleco, wadda ke ba ka damar zana harafin da ba ka sani ba da yatsa ta nemo maka shi. A 2021 an fitar da sabon ma'auni mai matakai tara, don haka mai shirin zama ya tambayi wanda ake bi a cibiyarsa.

To da kalmomi dubu da 'yan kai wane adabi za ka karanta? Kusan komai a fassarar Turanci muka yi shi. An bi da mu ta waƙoƙin daular Tang, aka tsallako zuwa Lu Xun, wanda gajeren labarinsa na 1918 ya buɗe ƙofar rubuta adabi da harshen da mutane ke magana da shi maimakon tsohon Sinancin malamai. Manyan litattafan hikaya kuwa sunayensu kawai muka ji.

Darasi ɗaya ne ya fita daban. Malamin ya ajiye fassara, ya rubuta a allo wata waƙar Du Fu, mawaƙin zamanin Tang, ta shekarar 757, lokacin da mawaƙin ke tsare a birnin Chang'an bayan 'yan tawayen An Lushan sun kama shi. Layi takwas, kowanne harafi biyar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna yadda layukan tsakiya ke fuskantar juna, suna da suna, aikatau da aikatau, da yadda karin sauti ke da ma'auni kamar yadda rubutacciyar waƙar Hausa ke hawa karin aruli. Haruffa 40 suka cinye awa biyu, babu wanda ya duba agogo. Da a ce rabin darussan adabin haka suke, da ban yi ƙorafi ba.

Ga masu nufin kasuwanci: Sinancin aji zai kai ka gaisuwa, ciniki, lissafi da karanta saƙo a WeChat, manhajar hira ta Sinawa. Kalmomin kwantena, kwastan da yarjejeniya kai za ka nemo su. Kuma a Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu suka fi zuwa, 'yan gari harshen Kanton suke yi a tsakaninsu, ko da yake za su amsa maka da Mandarin. Wanda babban fanninsa ke da nauyin ɗakin gwaji, kamar likitanci ko injiniyanci, ya yi lissafi tukuna, domin haruffan nan na neman aƙalla rabin awa kullum, har ranakun hutu.