Sharhi a kan kogon yumɓu da na saya saboda saɓar tsakata

Shekara uku ke nan ina kiwon tsaka mai zanen damisa a gidana da ke Mamobi a Accra, kuma ba ta taɓa samun matsalar saɓa ba sai a hunturun bara. Wannan tsaka ba irin ta bangon ɗakunanmu ba ce. Asalinta daga busassun yankuna masu duwatsu na Afganistan, Pakistan da arewa maso yammacin Indiya take, tana da fatar ido da take rufewa, yatsunta kuma farata ne da su, don haka ba ta iya manne wa gilashi. Babba takan yi saɓa kusan kowane mako 4 zuwa 8: jikinta ya yi fari kamar an barbaɗa mata toka, ta ja tsohuwar fatar da bakinta, ta cinye abinta cikin dare, gari ya waye ba ka ga komai ba.

A watan Janairu, da hazo ya rufe gari kuma leɓunanmu suka fara tsagewa, sai na lura saɓar ta maƙale a yatsu uku na ƙafarta ta baya da kuma ƙarshen wutsiya. Fatar ta bushe ta zagaye kowane yatsa kamar zaren da aka ɗaure tamau, kan ɗaya daga cikinsu har ya fara duhu. Abin ya zame mini ƙadangaren bakin tulu, domin idan na fizge fatar zan ji mata rauni, idan na bar ta kuma za ta tare jini har yatsan ya mutu ya guntule. A wannan hali ne na yi odar kogon danshi na yumɓu da kwalbar feshin saɓa daga wani mai sayar da kayan dabbobi ta intanet, na biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ɗan okada ya kawo washegari.

Kogon ɗan ɗaki ne na gasasshen yumɓu wanda ba a shafe shi da komai ba, yana da ƙofa ɗaya da wani kwarmi a samansa inda ake zuba ruwa. Duk wanda ya san randa ya san yadda yake aiki, ruwan yana tsatsafowa ta jikin yumɓun a hankali, cikin kogon ya yi laima alhali sauran akwatin yana nan a bushe. Wannan shi ne ainihin abin da dabbar take bukata, domin danshin akwatinta bai kamata ya wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, amma maɓoyar da take saɓa a ciki tana son kashi 70 zuwa 80. Na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu a ƙasansa maimakon gansakukar da aka haɗo da shi, saboda tsoron kada ta haɗiye ta tare da fatar, na kuma ajiye shi kusa da ɓangaren ɗumi inda zafi yake kai maki 31 a ma'aunin Celsius. A daren farko ta shiga, kuma tun daga nan can take wuni duk lokacin da jikinta ya fara fari.

Sai dai kogon bai cire fatar da ta riga ta maƙale ba, kuma mai sayarwa bai faɗi haka ba a tallarsa. Feshin ma bai yi wani abin a zo a gani ba, ya dai sa fatar sheƙi, ita kuwa tsakar ta tsani ƙararsa. Abin da ya yi aiki shi ne ruwa mai ɗumi kaɗan a cikin roba, wanda bai wuce cikinta ba, ta zauna a ciki minti 15, sannan na riƙa murza fatar a hankali da jiƙaƙƙiyar audugar goge kunne. Kwana uku na yi ina maimaitawa kafin yatsu biyu da wutsiyar su kuɓuta. Na ukun kuwa ƙarshensa ya guntule, kuma yatsa ba ya sake tsirowa kamar yadda wutsiya take yi.

Da na kai ta wurin wata likitar dabbobi, tambayarta ta farko ba ta shafi danshi ba. Ta ce, "Malam, me kake barbaɗa wa gyaren da kake ba ta?" Na ce hodar kalsiyam kaɗai. Ta bayyana mini cewa ƙarancin bitamin A yana daga cikin abubuwan da ke kawo maƙalewar saɓa da ciwon ido ga irin wannan tsaka, ta sa na ƙara hodar bitamin, na kuma riƙa ciyar da gyaren karas da ganye kafin in ba ta. Saboda haka ba zan jingina wa kogon dukan nasarar ba, ko da yake sau biyar ta yi saɓa tun daga lokacin ba tare da ko ɓarɓashi ya rage a yatsunta ba.

Aibinsa biyu ne. Bakin ƙofar ya zo da kaifi, sai da na goge shi da dutse. Da damina ta kankama a watan Yuni kuma, iskar Accra ta cika da laima, baƙin funfuna ya fara fitowa a cikinsa, dole na rage ruwan, ina wanke shi da tafasasshen ruwa ina shanyawa a rana duk mako. A hunturu kuwa kwarmin yakan ƙafe cikin kwana biyu. Robar man shanu mai murfi da aka huda wa ƙofa za ta yi kusan wannan aikin a kyauta, illa dai tana saurin bushewa kuma tsakar tana iya ture ta. Ni zan sake sayen kogon idan wannan ya fashe, kwalbar feshin kuwa tana nan a kan taga, ko rabi ba ta yi ba.