Wane Littafi Ya Kamata Ka Saya Don Ƙwarewa a Tsallake Kalma, Musanya da Ƙirar Suna a Nahawun Ingilishi?

Wanda ya daɗe yana koyon Ingilishi yakan kai wani matsayi da jimlolinsa ba su da kuskure a zahiri, amma duk da haka rubutunsa yana da nauyi a kunne, domin yana maimaita kalmar da mai harshen zai bari a fahimce ta ba tare da ya furta ba. Abubuwa uku ne galibi ke jawo haka: rashin sanin inda ake tsallake kalma, rashin sanin ƙananan kalmomin da ke maye gurbin wasu, da kuma rauni wajen ƙirar suna, wato yadda ake gina sunaye da jam'insu a nahawu. Littattafai da manhajojin da ke alƙawarin gyara wannan matsala suna da yawa, kuma bambancinsu ya fi yadda bangonsu ke nunawa.

Kafin a kai ga zaɓi, ya kamata mai saye ya san abin da zai duba idan ya buɗe littafi. Idan aka tambayi mutum ko ya gama aikinsa ya ce "I have", ya tsallake aikatau da duk abin da ke biye da shi. Idan kuwa ya ce "I think so", ya sanya kalma guda a gurbin jimla sukutum, kamar dai yadda muke cewa "ina jin haka", kuma wannan shi ake kira musanya. Masana biyu, Michael Halliday da Ruqaiya Hasan, sun yi wa wannan fanni cikakken bayani a littafinsu Cohesion in English na shekarar 1976, inda suka kasa musanya gida uku: ta suna da "one" da "ones", ta aikatau da "do", da ta jimla da "so" da "not". Sun kuma ɗauki tsallake kalma a matsayin musanya da babu. Abin lura a nan shi ne duka biyun ba sa aiki sai da abin da ya gabata a zance, saboda haka duk littafin da atisayensa bai wuce cike gurbi a jimla ɗaya tilo ba, ba zai koya maka su yadda ya kamata ba, kome kyawun bayaninsa. Wannan ne ma'aunin da na ɗora kowane zaɓi a kai.

Littafin da ya fi cika wannan sharaɗi ga mai karatu shi kaɗai shi ne Advanced Grammar in Use na Martin Hewings, wanda maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta fara bugawa a 1999, kuma bugunsa na uku na 2013 yana ɗauke da darussa 100. Tsarinsa shi ne bayani a shafin hagu, atisaye a shafin dama, kuma ya ware darussa a jere ga "one" da "ones", ga "so" da "not", ga "do so" da "such", sannan ga tsallake kalmomi bayan mataimakin aikatau irin su "have" da "might". A nan ne mai koyo zai gane dalilin da ya sa ake cewa "I hope not" amma aka fi cewa "I don't think so", da dalilin da ya sa "do so" ke dacewa da aikin da mutum ya yi da niyya amma ba ya zama daidai a gurbin aikatau irin su "know" ko "like". Rauninsa shi ne bayanin a dunƙule yake ƙwarai, har mutum yakan karanta shafi guda sau uku kafin ya shige shi. Akwai kuma abin da ya kamata a kiyaye wajen saye: ana buga shi iri biyu, mai amsoshi a baya da marar amsoshi wanda aka tanada don aji, kuma wanda ba shi da malami bai kamata ya ɗauki na biyun ba ko da kyauta ne. Kada kuma a rikita shi da English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985 da irin wannan tsari amma don masu matsakaicin mataki.

Practical English Usage na Michael Swan, daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, wani abu ne daban. Ya fara fitowa a 1980, kuma bugu na huɗu na 2016 ya sauya tsarin jerin baƙaƙe zuwa tsarin batutuwa. Babu atisaye a cikinsa. Littafin dubawa ne da ake komawa gare shi idan shakka ta taso. Ina ganin darajarsa ta fi bayyana wajen bambance abin da ya dace da hira da abin da ya dace da rubutu, da kuma bambancin Ingilishin Biritaniya da na Amurka. Misali, ɗan Biritaniya zai iya amsawa da "I might do", alhali Ba'amurke zai tsaya a "I might", kuma manhajar da ba ta san wannan ba za ta iya kafta wa mai koyo kuskure a inda bai yi kuskure ba. Wanda ke son salon bayanin Swan haɗe da atisaye zai iya duba matakin ƙarshe na Oxford English Grammar Course, wanda ya rubuta tare da Catherine Walter.

Batun ƙirar suna kuwa ya rabu biyu, kuma littafi ɗaya bai cika gamsarwa a duka ɓangarorin ba. Ɓangare na farko nahawu ne zalla: sunayen da ba a ƙirga su kamar "advice", "equipment" da "information", jam'in da aka aro daga Girkanci kamar "criteria" da "phenomena", da harɗaɗɗun sunaye irin "a five-year plan" inda "year" ke zama tilo duk da cewa shekarun biyar ne. Hewings da Swan duk sun wadatar a nan. Ɓangare na biyu shi ne ƙera suna daga aikatau ko sifa ta hanyar ɗafi, kamar "decide" ya koma "decision", wanda shi ne ginshiƙin rubutun ilimi da na hukuma. Wannan ba ya bin ƙa'ida guda, domin babu dokar da za ta gaya maka cewa "refuse" zai ba da "refusal" amma "confuse" ya ba da "confusion". Ƙamus na masu koyo, wanda ke nuna ko suna yana ƙirguwa ko ba ya ƙirguwa da kuma dangin kowace kalma, ya fi kowane littafin nahawu amfani a wannan wuri.

Idan jarrabawa ce a gabanka, to ita za ta yanke maka hukunci. Jarrabawar C1 Advanced ta Cambridge tana da sashe na musamman kan ƙera kalma daga wata, da wani kan sake gina jimla da kalmar da aka ba ka, saboda haka kundin tsofaffin tambayoyinta wajibi ne. A jarrabawar IELTS ta auna ƙwarewa a Ingilishi kuwa, ɗaya daga cikin ma'aunai huɗu da ake duba rubutu da su shi ne haɗuwar zance da tafiyarsa, kuma musanya tana cikin abin da mai maki ke lura da shi.

Manhajojin waya da shafukan atisaye na kyauta a intanet suna da amfani wajen bitar jam'i da ɗafi a ɗan lokacin da mutum ya samu, amma yawancinsu tambayoyin zaɓi ne a kan jimla guda, kuma da wuya su bayyana dalilin amsa. Manyan littattafan masana, irin A Comprehensive Grammar of the English Language na Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, wanda ya fito a 1985 da shafuka fiye da 1,700, na malami ne da mai bincike, ba na mai neman atisaye ba.

Ga wanda littafi ɗaya kawai zai iya saya, Hewings mai amsoshi nake ba shi shawara ya ɗauka, ya fara da darussan musanya da tsallake kalma, sannan bayan kowane darasi ya ɗauko wani sakin layi da shi da kansa ya taɓa rubutawa, ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ya maimaita, ya gwada cire ta ko musanya ta. Idan hali ya samu daga baya, sai ya ƙara da Swan.