Daga ƙarfe uku zuwa ƙarfe shida: inda yaran New York suke zuwa idan an tashi makaranta

Assalamu alaikum. Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a watan jiya, lokacin da ka shaida mini cewa kwamitin unguwarmu ya samu ɗakuna biyu da ɗan fili a bayan Islamiyya, kuma har yanzu ana ta ja-in-ja a kan abin da za a yi da su. Ka ce in ba ka labarin yadda ake yi da yara a nan idan an tashe su daga makarantar boko. Na ɗan yi jinkiri ne saboda ban so in kawo maka ji-ta-ji-ta ba, sai da na zauna na tuna wuraren da 'ya'yana uku suka ratsa tun da muka sauka a Bronx, wani yanki na birnin New York, na kuma sake leƙa biyu daga cikinsu.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne larura ce ta haifi wannan tsari. Makarantun gwamnati a nan suna tashi ne tsakanin ƙarfe biyu da 'yan mintoci zuwa ƙarfe uku, alhali iyaye ba sa baro wurin aiki sai biyar ko shida, balle mutanenmu da yawancinsu direbobin tasi ne, matan kuma ko suna shagon kitso ko suna jinyar tsofaffi a gidajensu. Babu kaka a tsakar gida, babu gwaggo, babu maƙwabciyar da za a ce wa ta sa ido. Ni kaina na shekara huɗu a bene ɗaya da wani mutum, ƙofarmu tana kallon tasa, ban san sunansa ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa da ƙarfe huɗu da rabi, ga sanyi mai ratsa ƙashi, kuma wanda ya bar ƙaramin yaro shi kaɗai a gida yana iya wayar gari da jami'an kula da yara a bakin ƙofarsa. Saboda haka abin da matan gida da dattawan layi suke yi mana kyauta a Kano, ba tare da ma mun lura ana yi ba, a nan haja ce mai farashi da fom da lokacin rufewa. Hukumomin ƙasar sun daɗe da lura cewa laifuffukan da yara matasa suke aikatawa sun fi yawa a sa'o'in da suke biyo bayan tashi makaranta, shi ya sa gwamnati ma ta sa hannu a ciki.

Abin ya daɗe. Ƙungiyar da ake kira Boys & Girls Clubs ta samo asali ne a shekarar 1860 a garin Hartford na jihar Connecticut, inda wasu mata suka ga yara maza suna gararamba a titi suka buɗe musu wurin zama. A 1906 ƙungiyoyi 53 irin wannan suka haɗu a Boston suka zama ɗaya, amma sai a 1990 aka ƙara 'yan mata a cikin sunan. Ita kuwa YMCA, wata ƙungiyar samari, a Landan aka kafa ta a 1844, ta iso Amurka a 1851, kuma a makarantarta ta Springfield ne wani malami mai suna James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, domin samari su samu abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Na daɗe ina ɗari-ɗari da ita saboda asalinta na Kirista ne, sai da wani dattijo ɗan Kumasi da muke salla tare ya ja ni reshen da jikokinsa suke koyon iyo, na ga ba a yi wa kowa wa'azi a wurin.

Wanda talaka ya fi dogara da shi, duk da haka, shi ne na hukumar birni. Akwai sashe guda na kula da matasa da yake ba da kuɗi, amma ba shi yake gudanar da wuraren da kansa ba, yakan ba ƙungiyoyin al'umma kwangila ne su yi aikin, galibi a cikin ginin makarantar da yaron yake. Na 'yan firamare ana ce masa COMPASS, na 'yan aji shida zuwa takwas kuma SONYC, duka kyauta ne, daga Litinin zuwa Juma'a har ƙarfe shida. Akwai kuma cibiyoyin Beacon da aka fara a 1991 zamanin magajin gari David Dinkins, waɗanda hikimarsu ta burge ni ƙwarai: maimakon a kulle makaranta da rana a bar ta ga maigadi, sai a bar ta a buɗe har dare da ranakun Asabar, yara da manya su amfana da azuzuwa da filin wasa. Duk lokacin da na tuna firamaren unguwarmu, yadda take zama kango daga azahar sai awaki, sai in ji wannan ko sisi ba ya bukata kafin a fara shi. Gwamnatin tarayya ma tana da nata asusun, wanda ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, ana raba shi ga jihohi.

Sai dai abin kyauta ba ya rasa layi. Shekarar da autarmu ta shiga aji ɗaya ba ta samu gurbi ba, aka sa sunanta a jerin masu jira, dole muka kai ta wani wuri na kuɗi har zango guda, kuma ka tuna a watannin nan ne abin da nake aiko wa Hajiya ya ragu ban gaya maka dalili ba. A wurin ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Wata ranar Laraba cunkoso ya riƙe ni a babban titin da ya ratsa Bronx, na iso da ƙarfe shida da minti goma sha takwas, na tarar da yarinyar zaune a kan benci da jakarta a baya, an riga an kashe fitilun ciki. Matar da take jira da ita ta gaishe ni da fara'a, sannan ta miƙo mini takarda in sa hannu: dala ɗaya a kan kowane minti. Ban yi musu ba, domin yana rubuce a fom ɗin da na cika, ita ma tana da 'ya'yan da za ta je ta ɗauko. Amma a hanyar gida sai na tuna ranar da ruwa ya tsare Baba a kasuwa, Malam ya riƙe mu har bayan isha'i, matarsa ta zuba mana tuwo, da Baba ya zo yana ba da haƙuri Malam ya ce ai ɗa na kowa ne.

Yadda yammacin yake tafiya kuwa, na zauna na gani da idona. Ana tashi sai ma'aikaci ya tattara yaransa da takardar sunaye a hannu, ya kai su ɗakin cin abinci, a ba kowa madarar kwali da tuffa da ɗan burodi ko biskit. Daga nan sai kusan awa guda ta aikin gida da malamai suka bayar, wanda ya kakare a nuna masa, kuma wannan shi ne babban amfanin wurin ga iyayen da Turancinsu bai kai su taimaki yaro ba. Bayan haka sai a rarrabu. Wasu su tafi ƙwallon kwando, wasu zane, wasu darar Turawa mai sarki da doki, wasu kuma su haɗa 'yan motoci da ƙananan tubalan roba su sa musu umarni ta kwamfuta. Na tsaya a kan wani yaro ɗan shekara tara da motarsa ta ƙi juyawa dama, ya kwance ta sau uku, ma'aikaciyar tana gefe ta naɗe hannu ba ta karɓa ta gyara masa ba, sai tambaya take jefa masa ɗaya bayan ɗaya har ya gano cewa waya ce ya soka a baibai. Idan lokacin tafiya ya yi, ba a ba da yaro sai ga wanda sunansa yake a fom, shi ma sai ya nuna katin shaida. Ƙanen matata ya taɓa zuwa ɗaukar yaran, suna ta kiransa Kawu suna rungume shi, amma aka hana shi har sai da aka same ni a waya. Ma'aikatan kuma sai an ɗauki hoton yatsunsu an bincika tarihinsu kafin a ɗauke su, kuma ba a dukan yaro ko da tsinke.

Rauninsu yana wajen mutanen. Yawancin ma'aikatan ɗaliban jami'a ne da ake biya kaɗan, shekara ɗaya ko biyu sun tafi, don haka yaro ba ya samun wanda zai ce wannan malamina ne. Mu kuwa Malam ɗaya ya karantar da kai, ya karantar da ni, ga shi yanzu yana karantar da 'ya'yanka, ya san halin gidanmu tun daga kan Baba. Ban ga kuɗin da zai sayi wannan a nan ba.

Akwai kuma asarar da ta shafe mu mu Musulmi kai tsaye, wadda ba kowa yake son faɗa wa mutanen gida ba. Sa'o'in nan na la'asar zuwa magariba su ne sa'o'in Islamiyya a wurinmu, a nan kuwa an riga an cinye su. Karatun Alƙur'ani sai ya matse a Asabar da Lahadi, a masallatan da mutanenmu na Ghana da Nijar da Najeriya suka yi hayar shaguna suka mayar, yara sun yi yawa, malamai kaɗan. Lokacin da babban ɗana yake da shekara goma sha biyu yana izu biyu, naka da suke sa'a ya haura izu goma, kuma na ji kunyar hakan ranar da Hajiya ta sa shi ya yi mata karatu a waya. Wasu suna ɗaukar malami daga Kano ko Damagaram ya riƙa biya wa yaro ta WhatsApp, sai dai tazarar lokaci awa shida ce da hunturu, biyar da bazara, wato yaro yana dawowa da ƙarfe shida malamin yana tsakar dare. Batun abinci da salla bai ba mu wahala sosai ba. Mun rubuta a fom cewa ba sa cin naman alade, kuma da muka nemi wurin da yaron zai yi la'asar aka ba shi lungu a ɗakin ajiye kayan wasa. Tun 2015 ma birnin ya sa ƙaramar salla da babbar salla cikin ranakun hutun makarantu.

Inda na ga sun yi mana nisa shi ne wajen samari da 'yan mata masu tasowa. Birnin yana da shirin aikin bazara na 'yan shekara 14 zuwa 24, mako shida a watannin Yuli da Agusta, kuma tun 2022 guraben sun kai 100,000, mafi yawansu da ƙuri'a ake fitarwa, ba sai ka san wani ba. 'Yan shekara 16 zuwa sama ana biyansu mafi ƙarancin lada na birnin, wanda ya kasance dala 16 a kowace awa a 2024. Ɗana ya samu, aka tura shi irin cibiyar da ya taso a ciki yana taimaka wa ƙanana da lissafi, kuma sai da na ga yana goge rigarsa da daddare ba tare da an sa shi ba na san wani abu ya sauya. Ga ɗakunan karatu na jama'a a kowace unguwa, kati kyauta, kwamfuta kyauta, tun 2021 ma an daina cin tara idan littafi ya makara. Kada ka ɗauka kowa ya tsira, domin a nan ma akwai 'yan daba, har da bindiga, kuma yaron da ya ƙi zuwa ba mai kamo shi.

Mu ma muna da namu, kuma ban raina shi ba. Yaron da aka kai wa tela ko bakanike, ko aka zaunar a shagon gyaran waya a Farm Centre, ko a Kantin Kwari, yana fita da sana'ar da za ta riƙe shi har tsufa, abin da aikin mako shida ba zai ba shi ba. Amma wannan sai wanda ubansa ya san wani. Sauran, da zarar sun ga sun yi girma da zama a tabarmar Islamiyya, sai majalisar bakin layi ta karɓe su, kuma ka fi ni sanin abin da ya sa gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. 'Yan matan kuwa, idan ba talla ba sai aikin gida.

Saboda haka ra'ayina, idan kwamiti zai saurara, shi ne kada a mayar da ɗakunan nan wani ajin ƙananan yara, domin su suna da Malam, suna da iyaye mata a gida. A ba 'yan shekara goma sha uku zuwa sha takwas, a tsayar da lokacin buɗewa da rufewa wanda ba ya motsi, a ajiye rajista, a ware wa 'yan mata ranakunsu da mace mai kula da su, a kuma roƙi masu sana'a na unguwa kowa ya ba da yammaci ɗaya a mako. Abin da na fi jin tsoro shi ne albashi. Mutanenmu suna da saurin ba da siminti da kwano, amma da wuya su ɗauki nauyin biyan mutum wata-wata, alhali a nan mafi yawan kuɗin a kan ma'aikata yake tafiya, kuma aikin sa-kai idan ya yi wata uku yakan fara sanyi.

Ni zan ɗauki rabin albashin mai kula da wurin na shekarar farko. Ina da kwamfutoci biyu na hannu da allunan dara huɗu da zan ba wani mai zuwa Kano bayan salla ya taho da su. Ƙwallo da raga kuwa a saye su a Sabon Gari, domin kuɗin aiko su daga nan ya fi kuɗinsu. Ka aiko mini da girman ɗakunan, da abin da kuke ganin za a riƙa biya a wata, da kuma ko akwai wuta ko sai an sa sola. A gaida Hajiya da Malam.