Ranar da duba-garin Amurka ta sa na zubar da girkina

Shekarata shida a Amurka ban taɓa zubar da hawaye a gaban mutane ba sai wata Asabar ta watan Oktoban bara, kuma a kan shinkafa na yi.

Garin da muke zaune ƙarami ne, a jihar Masacusets, bai kama ƙafar Ringim a yawan jama'a ba. Duk shekara in ganye ya fara zuba sukan ci kasuwa ta yini ɗaya a filin tsakiyar gari. Maƙwabciyata, wata 'yar Gana da nake ce wa Anti, takan kafa rumfar abinci, sai ta ce in kawo namu na Hausa mu haɗa. Tun kafin kiran assalatu na tashi. Dafa-duka na yi da daddawar da Inna ta aiko min, na soya kaji takwas, na juye a manyan kuloli biyu. Kafin ƙarfe 11 ƙamshi ya tara mana layi, har ina cewa a raina yau Turawa za su san an yi girki.

Sai ga wata mata, za ta yi shekara hamsin da wani abu, da allon rubutu a hannu. Ta yi mana gaisuwa cikin fara'a, ta duba takardar izinin Anti, ta leƙa inda muke wanke hannu. Daga nan ta zaro wani abu kamar tsinken tsire mai ɗan agogo a ka, ta goge shi, ta soka a tsakiyar shinkafata. Ta tambaye ni a ina aka dafa, ƙarfe nawa aka sauke. Na ce a gidana, ƙarfe 5. Ta juyo min da agogon in gani. Dokarsu ita ce abinci mai zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 135 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 57 a wanda muka saba, mai sanyi kuma kada ya haura 41. Nawa yana 110, kuma ba wanda zai iya cewa tun yaushe ya sauka. Ban da haka, shinkafa da nama da aka dafa a kicin ɗin gida ba a sayar wa jama'a. Anti ta san da wannan, shi ya sa take girkinta a kicin ɗin cocinsu mai lasisi, ta dai manta ba ta faɗa min ba.

Na roƙe ta. Na ce in ba za a sayar ba a bar ni in rabar sadaka. Ta ce wanda aka ba kyauta cikinsa irin na mai saye ne. Tana tsaye na juye kula biyu a baƙar leda, mutanen da ke layi suna kallona, wasu na sunkuyar da kai. Ni da na tashi a gidan da ko ƙanzo ba a zubarwa, almajiri na bakin zaure yana jira! Hannuna yana rawa, ba kuɗin kajin nake tunawa ba, abin da ke cina shi ne an nuna ni ƙazama ce a gaban gari guda, ni 'yar Inna, wadda in ta wanke kwano sai ka ga fuskarka a ciki.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na ce wa Baban Ummi don ta gan ni da hijabi ne. Ya ce to tunda haka nake gani, hukumar da ta turo ta tana zama duk wata, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa, mu je in faɗi ta bakina.

Na ɗauka wani babban ofis za mu, mai 'yan sanda a ƙofa. Ashe wani ɗaki ne a ƙasan ginin majalisar gari, da kujerun roba. Mutum uku ne hukumar gaba ɗaya, 'yan garin ne aka zaɓe su: wata nas da ta yi ritaya, wani mai gyaran famfo, da wani dattijo da nake yawan haɗuwa da shi a kanti. Ita matar ma'aikaciyarsu ce, su take kai wa rahoto. Jihar tana da birane da garuruwa 351, kowanne doka ta ɗora masa nauyin lafiyar mutanensa, Boston ma tun 1799 ta kafa tata hukumar. Abin da za a tattauna kuwa sai an liƙa shi awa 48 kafin zama, don kada wani ya ce an yi a bayan idonsa.

Awa biyu na zauna ina jin abubuwan da a gida ba ma ɗaukarsu magana. Wani yana son haƙa ramin bayan gida a sabon filinsa, aka baza taswira aka auna, aka ce sai ya matsa, don tsakanin inda ƙazantar ke tsiyaya da rijiyar maƙwabcinsa dole a sami ƙafa 100, kusan mita 30. Wata ta kawo ƙarar kajin maƙwabciyarta sun jawo ɓeraye. Aka sa ranar allurar mura ta tsofaffi. Sai aka zo kan wani mai gidan abinci, haifaffen garin, Bature jar fata, da firjinsa ya faɗi awo sau biyu. Dattijon nan ya miƙe ya ce shi abokinsa ne tun ƙuruciya, don haka ba zai sa baki ba, ya koma cikin 'yan kallo ya zauna. Sauran biyun suka ba mutumin kwanaki ya gyara ko a rufe. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi. Maganar hijabin da na shirya ban iya furta ta ba.

Da aka zo kaina na faɗi asarata. Ba su biya ni ko sisi ba, ba su kuma ba ni haƙuri irin wanda nake so ba. Amma matar ta yi min bayanin da ban taɓa ji ba: shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta gamawa da ita, in abincin ya daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Nan take na tuna bukukuwa nawa muka ci a gida, washegari rabin gida na zarya bayan gida, a ce ai canjin ruwa ne, ko a ce baki ne.

Abin da ya fi ƙona min rai da na dawo gida shi ne, ai mun san wannan aikin, har suna muka ba shi: duba-gari. Ina ƙarama na ga ƙarshen zamaninsu. In aka ce yau duba-gari na gari, kafin hantsi an share kowane lungu, an yashe kwata, Inna ta juye randa ta dirje ta da soso, don in matar ta haska ta ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil, sammaci ne da tara. Kakarmu ta ce a zamanin En'e har mushen da mahauci ya so ya cusa wa mutane sukan ƙwace su binne. Makarantar koyon tsafta ta Kano tun 1932 take yaye su, ga kuma ta Jahun. Har gobe akwai sashen lafiya a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin Jigawa da 44 ɗin Kano. To yaushe rabon da wani ya leƙa randar gidanku?

Kada mu ɗora wa gwamnati duka. Mu ne muka kashe aikin da alfarma. Yau in ma'aikaci ya yi ta maza ya ƙwace naman saniyar da aka yanka tana gargara, kafin azahar an je wajen mai unguwa, an je wajen dagaci, an tuna masa wane surukin wane ne, an ce yana so ya toshe wa bawan Allah hanyar abinci. Gobe ba zai ƙara ba. A kasuwar ƙauyenmu mai awara tana suya a gefen kwata, mai fura yana dama wa mutum ashirin da ludayi ɗaya da ruwan bokiti ɗaya, ƙuda ya rufe nama baƙi ƙirin mu ce ai wuta za ta kashe. Kowa ya iya cewa tsafta cikon addini ce. A 2021 mutane a Kano suka yi ta fitsarin jini saboda lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. A shekarar dai kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa da Kano da Bauchi na cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. 'Yar ƙanwata na ciki, shekararta uku, amai da gudawa na yini ɗaya da rabi. Ina nan aka bugo min. Mun ce kwananta ne ya ƙare, kuma haka ne, Allah ya sa mai ceto ce. Amma ba wanda ya je ya leƙa rijiyar.

Na yi murna ƙwarai da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko da ta daina bahaya a fili, na yi ta nuna wa Anti labarin a waya. Masai kam an haƙa. Abin da ban ji an yi ba shi ne awon nisansa da ruwan sha.

Ba kuma cewa nake nan aljanna ce ba. Komai takarda, komai kuɗi. Ragon layya ba ka isa ka yanka a bayan gidanka ba, sai mun yi tafiyar awa guda zuwa gona, a miƙo maka nama a leda, ba hayaniyar yara, ba kamfatar maƙwabta. Matar nan mai ƙarar kaji, shekara goma suna katanga ɗaya da maƙwabciyarta, amma ba ta iya ƙwanƙwasa mata ƙofa ba sai ta hukuma. A gida da Inna ta aika yaro an gama magana. Wannan bushewar zuciyar har yau ban saba da ita ba, kuma har yau in na tuna kajin nan takwas a cikin leda sai na ji wani abu ya tokare min wuya.

Sai dai a watan Janairu hitar gidanmu ta mutu, dusar ƙanƙara har gwiwa, mai gidan hayar ya daina ɗaga waya. Ummi na kwana da rigar sanyi uku. Lambar matar nan da ta sa na zubar da girkina na kira. Washegari ta zo da ma'auninta, ta ce dokar jiha ɗumin gidan haya kada ya gaza digiri 68 na Faranhait da rana, 64 da dare, ta rubuta masa takarda. Kafin kwana biyu an gyara. Ita ce kuma ta zo ta duba kicin ɗina da bazara, ta ba ni izinin yin cincin da dubulan da alkaki na sayarwa, tunda su ba sa lalacewa da wuri, da sharaɗin in rubuta duk abin da ke ciki a jikin leda saboda masu rashin jituwa da alkama ko ƙwai ko gyaɗa. Na miƙa mata leda ɗaya ta kai wa iyali, ta yi godiya ta ce aikinta bai yarda ba.

Daren ranar na kira Yaya. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, don Allah alfarma nake nema. Ka tsaya a bakin rijiyar gida ka taka zuwa masai, ka ƙirga min." Ya ce, "Ke kuma da wace kika zo yau?" Na ce ya dai daure. Ina jin ƙarar takalminsa, ina jin Inna daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Ya dawo ya ce taku goma sha ɗaya.

Kuɗin dubulan na wata uku na tura masa. Mun yi da shi ruwan sha a riƙa ɗebowa a tuƙa-tuƙar bakin masallaci, in damina ta ɗauke a cike tsohon ramin a haƙa sabo can ƙarshen garka, bayan bishiyar darbejiya. Inna ta ce ita shekara arba'in tana shan rijiyar nan ba abin da ya same ta, amma ta yarda jikoki su sha na famfo.