Littafin Siyasar Waje ko Tarihin Mawaƙi: Wanne Ya Fi Nuna Amurkar Shekarun 1960?

Mai son fahimtar Amurka ta shekarun 1960 yakan tsaya tsakanin littattafai iri biyu: na manufofin ƙasar a ƙetare, da na tarihin mawaƙa irin su Bob Dylan. Ra'ayin masu karatu ya rabu, ni dai na fi karkata ga na farkon.

Littafin siyasar waje shi ke shigar da kai ɗakin da ake yanke shawara. A nan za ka ga yadda rikicin 1964 a mashigin tekun Tonkin, da ke gaɓar Biyetnam, ya ba Shugaba Johnson damar faɗaɗa yaƙin Biyetnam, da yadda takardun sirrin Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, da jaridu suka fallasa a 1971 suka tona cewa gwamnati ta daɗe tana ɓoye wa jama'a gaskiyar yaƙin. Sojojin Amurka sama da 58,000 suka mutu, 'yan Biyetnam kuwa sun haura miliyan ɗaya. Aibin irin wannan littafi nauyin karatu, ga shi wasu daga ciki tsofaffin jami'ai ne suka rubuta, kowa na wanke kansa. Sai an bi da taka-tsantsan.

Tarihin mawaƙi ya fi daɗin karatu, babu musu. Zai nuna maka Dylan rungume da jita a gangamin neman 'yancin baƙar fata na Washinton a 1963, da ihun da wasu suka yi masa a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a 1965 don ya koma jita mai lantarki. Za ka ji zafin zuciyar matasan lokacin. Amma manomin da bam ya faɗa wa gonar shinkafarsa ba kasafai yake samun ko shafi ɗaya a ciki ba, wannan kuwa yana ci mini rai.