Bidiyon kamun ƙanwata da aka mayar zanen fenti

Jama'a akwai wani ɗan shago nan Garwa bayan babbar kasuwa, can na kai bidiyon kamun ƙanwata aka mayar min shi kamar zanen fenti mai motsi. Ni da na ɗauka filta ce irin ta waya ka latsa ta fito, ashe aiki ne ja.

Yaron shagon ya ba ni kujera ya nuna min komai. Wai bidiyon namu hotuna ne a jere, 25 a kowane sakan, wato sakan 30 ɗin da na zaɓa hoto 750 ke nan. Sai ya ciro guda inda fuskar amarya ta fito sosai ya buɗe a Krita, wata manhajar zane ta kwamfuta, ya bi shi da alƙalamin kwamfuta yana shafa launi da hannunsa, mayafi, kumatu, har ƙyallin ɗan kunne, sannan ya miƙa wa wata manhajar mai suna EbSynth ita kuma ta bi sauran hotunan tana shafa musu irin fentin nan.

Inda amarya take zaune kanta a sunkuye wallahi ya yi kyau ba kaɗan ba, mayafin kamar yanzu aka ɗaga buroshi fentin bai bushe ba. Amma da goggo ta miƙo hannu za ta fesa turare sai fuskar ta dagule, hanci ya bi hannu, na ce kai ƙanena mene ne haka? Ya yi dariya ya ce Hajiya duk inda mutum ya juya ko wani abu ya gifta sai na sake zana sabo, a ƙarshe tara ya zana. Lallen hannu kam bai fito ba, zanen ya yi ƙanana da yawa, ya koma baƙi-baƙi kawai, wannan ya ɗan ɓata min rai don an sha zama kafin a yi shi.

Kwana uku ya ce, sati ya yi, ɗauke wuta ma ta taimaka. Sefa dubu 15 na biya, ban ga tsada ba bayan na ga wahalar da idona.

In za ku kai ku zaɓi wurin da ba rawa ba turmutsitsi kuma da haske, ku kai asalin bidiyon a kile (wato filash na USB), wanda ya bi ta WhatsApp ya riga ya dushe. Inna dai sau huɗu ta sa na maimaita mata, tana ta tambaya wa ya zauna ya zana ɗiyarta haka.